Luguden Haske

Yayanmu malamin kimiyya ne a wata sakandare a Safana, kuma tun yana yaro ba a barin tocila kusa da shi, sai ya farke ta ya ciro ƙwan. A shekarun da ɓarayin daji suka fara hana mu noman gonakin nesa, aka ba shi gurbin karatu a ƙasar waje. Kowa a ƙauyenmu Tsaskiya ya yi murna, ban da Inna. Babanmu ya rasu, shi ne babba, ta kuma ce ba za ta sa albarka a aikin da ba ta san kansa ba. Shi kuwa ba zai taka ƙofar gida ba sai da albarkarta.

Ya yi bayani har ya gaji. Wai akwai wani ɗan dutse da ake sarrafawa, irin wanda ke cikin ƙwan tocilar zamani, bai kai farce ba. Ana harba masa haske mai ƙarfi da ake kira lesa, gajere ƙwarai, ƙiftawar ido ma doguwa ce a kansa, sai dutsen ya ba da nasa hasken. Inna ta kalle ni, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Tambayi wannan, shi hasken da ya harba mi ya rasa da zai je neman wani?"

Wata ranar Asabar da hantsi muna daka gero, ni da ƙanwata da Inna, turmi ɗaya taɓarya uku, muna lugude. Yayanmu yana zaune a kan tabarma ya yi tagumi. Can sai ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Inna, ga shi nan! Da ku ukun za ku sauke taɓarya lokaci guda, mi zai faru?"

"Mu zubar da gero, mu fasa goshin juna."

"To haka aikin yake. Ba ƙarfin bugun ba ne, jera shi ne. Wannan ya sauka, wancan ya biyo, kowane da lokacinsa. Yadda ka jera bugun, haka dutsen zai ba ka haske, ko ya ƙaru, ko ya ragu."

Ƙanwata, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce ashe jirgi zai hau ya je koyon aikin mata. Inna ta yi dariya har ta jingina da taɓarya. Ban sake ganin ta yi irin wannan dariyar ba. Da ta nutsu ta ce, "In lugude ne, na san shi, ba aikin banza ba ne. Allah ya yi albarka." Ta koma dakanta, ba ta ko ɗaga kai ba.

Bayan tafiyarsa abubuwa suka ƙara lalacewa. Muka kwashe muka koma Batsari, ɗaki ɗaya a gidan haya. Babban turmin nan bai hau babur ba, can muka bar shi. Ƙanwata ta bi mijinta Katsina, ni kuma ina wuni a makarantar Islamiyya inda nake koyarwa. Har yau in na ji lugude daga wani gida sai in ji ina kewar tsakar gidanmu na Tsaskiya ƙwarai.

Wata rana yayanmu ya kira mu ta bidiyo, ya nuna mana ɗakin bincikensu, da wani ɗan ɗigon haske a allo, yana ƙaruwa yana raguwa yadda ya so. Inna ta matso da fuskarta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Madalla. To wa ke kama maka luguden?"

Ya ce, "Ni kaɗai ne, Inna, inji ke yi."

Ta ce Allah ya taimaka, ta tambayi abin da yake ci, suka yi sallama. Sai da ta tabbata na kashe wayar, sannan ta jawo ɗan ƙaramin turmin da ta ara a maƙwabta. Ta ce, "Ni ma ni kaɗai nake daka yanzu. Kada ki faɗa masa, bai gama karatun ba tukuna."