Ciyaman Ɗin Da Ya Kawo Uwarsa Wurin Zaɓe

Wata rana ƙawata Barira ta matsa sai na raka ta garinsu.

Ta ce zaɓe za a yi. Na ce wane irin zaɓe kuma, alhali ba lokacin siyasa ba? Ta ce na kamfaninsu ne.

Garin nasu a gindin dutse yake. A bayan gari akwai wani ruwa da yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutsen, da ɗuminsa, rani da damina. Tun kaka da kakanni nan ne wurin wankansu da wankinsu. Tsofaffi masu ciwon gwiwa su zauna a baki su tsoma ƙafafu, su yi ta hira har rana ta take.

Da mutanen birni suka fara zuwa kallo, iyayen su Barira suka ji tsoron kada wani mai kuɗi ya zo ya saye wurin. Sai suka haɗa kai suka kafa kamfani. Ba mai hannun jari a ciki sai ɗan asalin garin. In uba ya rasu 'ya'yansa su gada. Ita ma Barira na babanta ta gada.

Duk bayan 'yan shekaru masu hannun jari su taru su zaɓi daraktoci da ciyaman.

To, ciyaman ɗin da ke kai a lokacin shi ne dalilin wannan rubutu.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, sai don darajar tsohuwarsa.

Ɗan garin ne, amma a Abuja ya yi rayuwarsa. Ya dawo da tumbi da Turanci, ya ce zai mayar da ruwan nan wurin da duniya za ta riƙa tururuwa. Suka yarda, suka zaɓe shi.

Abin da ya fara yi shi ne katanga.

Daga nan get. Daga nan masu gadi, waɗanda ya ɗauko daga wani gari, wai 'yan gida kunya ta yi musu yawa, ba za su iya korar mutane ba.

Ya sauya wa ruwan suna zuwa wani na Turanci da ko limamin garin ba ya iya faɗa.

Gaskiya baƙi sun zo. An gina ɗakunan kwana, an sa fitilu, wasu samari sun samu aiki. Wannan ba zan ɓoye ba.

Amma masu ruwan fa?

Ya fitar musu da bututu ta bayan katanga. Ruwan da baƙi suka gama wanka a ciki, shi ne yake zubowa. Nan ya ce mutanen gari su riƙa ɗiba.

Ku sake karanta wannan layin.

Masu kamfani. Masu ruwa. Suna layi a kan sauran wankan baƙi.

Ranar zaɓe aka kafa rumfuna a filin makarantar firamare. Maza gefe, mata gefe. Har waɗanda suke Kano da Legas sun zo.

Can sai ga ciyaman.

A ƙafa!

Ya sa wata tsohuwar rigar saƙi, wadda kana gani ka san aro ce, don ko tumbin ba ta rufe ba. Yana tafe yana durƙusa wa dattawa, yana kiran kowa Baba.

Ni kuwa da idona na ga jif ɗinsa a bayan ajujuwa, direba a ciki, na'urar sanyi a kunne.

Bayansa 'yan korensa ne, kowa da hula mai hotonsa, suna ihu kamar an biya su. An biya su ɗin ma.

A hannunsa na dama yana riƙe da wata 'yar tsohuwa, siririya, tana jan ƙafa da ƙyar.

Barira ta taɓa ni. Ta ce, “Iya Tabawa ce, mahaifiyarsa. Rabonsa da ƙofar gidanta tun Sallar bara.”

Aka zaunar da ita a kujerar gaba, inda kyamara za ta kama ta sosai.

Wanda yake takara da shi wani tsohon hedimasta ne, Malam Tanimu. Ya tashi ya yi magana kaɗan. Ya ce baƙi su zo, marhabin da su, amma a buɗe wa mutanen gari ƙofarsu. Ya zauna. Tafin da aka yi masa bai kai ya kawo ba.

Ciyaman ya karɓi lasifika.

Jama'a, na sha jin ƙarya, amma ban taɓa jin wadda aka yi wa ado irin wannan ba.

Ya ce shi ɗan ruwan nan ne. A ciki aka yi masa wankan jariri. Ya ce ko yana ƙasar waje, ƙamshin ruwan nan yake ji a mafarki. Ya ciro hankici ya goge idon da ba hawaye.

Wasu mata a kusa da ni har sun fara cewa “Allah sarki.”

Da ya ga abin yana shiga, sai ya ƙara wuta. Ya je ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya kai mata lasifika baki.

Ya ce, “Iya, gaya musu da bakinki yadda ɗanki ya gyara ruwan nan.”

Sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa ba ta kiran sunansa. Ta dube shi ta ce:

“Ai ban gani ba, Babana. Na je mai gadinka ya ce ba a shiga sai da tikiti. Na aika maka, ka ce in yi haƙuri sai baƙi sun tafi. To har yau ba su tafi ba.”



Ba da faɗa ta faɗa ba. Ba ta ma san ta yi wani abu ba. An tambaye ta ne, ta ba da amsa.

Nan ne Allah ya ba shi dama ta ƙarshe. Da ya sunkuyar da kai ya ce Iya ki yafe mini, wallahi da wasu sun tausaya masa.

Kun san abin da ya yi?

Dariya.

Ya miƙe ya juyo ga jama'a ya ce, “Ku yi mata uzuri, tsufa ne. Kwanan nan ruɗewa take yi.”

Uwarsa. A gaban garinsu. Saboda kujera.

Wani dattijo a baya ya ce “A'uzubillahi” da ƙarfi, har sai da kowa ya waiwaya.

Tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

Aka raba takardun ƙuri'a. Ba hayaniya, ba gardama. Mutane suna jefawa suna komawa wurin zamansu, ba mai kallon inda yake.

Da aka ƙirga, ya sha ƙasa. Shi da daraktocinsa duka. Malam Tanimu ya ci.

'Yan koren nan kuwa, kafin a gama sanarwa huluna sun shige aljihu. Wanda ya fi kowa ihu ɗazu, shi na gani a gaba yana ɗaga hannun Malam Tanimu. Su ma Allah ya shirye su, in masu shiryuwa ne.

Ciyaman ya ce maguɗi ne, sai kotu. Ya tuɓe rigar saƙin tun kafin ya kai mota, ya jefa wa wani. Jif ta tashi da ƙura.

Aka fara kwashe kujeru.

Sai muka ga kujera ɗaya a gaba da mutum a kai.

Iya Tabawa ce. Ya tafi ya bar ta.

Ni da Barira muka kama ta muka sa a motarmu. A hanya Barira ta kasa daurewa, ta fara faɗin abin da ke ranta game da shi. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce kada a zage shi a gabanta.

Muka kai ta har ƙofar gida.

Daga baya Barira ta kira ni. Ta ce sababbin daraktoci sun fasa katanga sun yi wa mutanen gari ƙofa, an cire bututun nan. Baƙi ba su fasa zuwa ba. Tsofaffi sun koma bakin ruwa.

Ban da Iya Tabawa.

An je ɗaukarta ta ƙi. Ta ce ba za ta shiga ruwan da bakinta ya kayar da ɗanta a kansa ba.

Shi kuwa ko waya bai yi mata ba. Amma ya sa hotonsu na ranar a shafinsa, yana riƙe da hannunta, ya rubuta a ƙasa: “Uwata, gatana.”

Mutane suna ta yi masa addu'a a ƙarƙashin hoton.

Tir.

Darasi:

Kafin ka ba mutum amanar abin da kuka gada, kada ka saurari jawabinsa. Je ka tambayi mutanen gidansu yaushe rabon da su gan shi. Wanda zai iya ƙaryata uwarsa don ya ci zaɓe, kai ba komai ba ne a wurinsa.

Ku tura wa 'yan ƙungiyarku da 'yan garinku, musamman in zaɓe ya matso. Akwai irinsa a kusa da ku, kun ma san shi.