Jirgin da Na Riƙa Ajiyewa a Gaban Baba

Ni dai tun ina saurayi aka yi mini shaidar ƙafar yawo. Sana'ata rubutun allon shago da zanen jikin lori, kuma irin wannan aiki ba ya zuwa ya same ka a gida, kai ne za ka bi shi. Gidanmu na Salaga, matata na Yendi, fenti mai kyau kuwa sai Bawku, inda ake shigo da shi ta kan iyaka. Tsakanin garuruwan nan uku na ƙarar da ƙuruciyata a bayan lori, bisa buhunan masara, ina zagin direba a zuci don ba ya sauri, alhali in na isa ma ba na kwana uku zama bai ishe ni ba.

Abu ɗaya ne ke iya zaunar da ni wuri guda, shi ne ƙera ƙananan jiragen yaƙi. Wani mai gwanjo a kasuwar Yendi ne ya jawo mini. Ya kwance dila ya tsinci kwali a tsakiyar riguna, cike da gutsattsarin roba masu ruwan toka da wata takarda mai zane. Shi a zatonsa kayan gyaran rediyo ne. Na kai gida na bi zanen na haɗa, sai ga jirgi mai farfela ɗaya, tsawon tafin hannuna. Irin kwalin bai sake faɗowa hannuna ba har yau, amma ciwon ya riga ya kama ni. Na koma sassaƙa da itacen rimi, don yana da taushi, reza na cinsa. Farfela daga gwangwanin madara nake yanka ta, ƙafafu daga wayar kan keke, burushi kuwa gashin wutsiyar akuya nake ɗaurewa a tsinke. Hotuna ina samunsu a tsofaffin mujallun da masu ƙosai ke naɗe kaya da su, wani ma da tabon mai a kan fiffike. Komai sai na auna da rula na raba shi gida saba'in da biyu, yadda takardar farko ta koya mini.

Matata kan leƙo ta ce, "Maigida, mutum da gemunsa yana wasan yara?" In ce mata a ina ta taɓa ganin wasan yaran da ake aunawa da rula. Sai ta ce to, in na gama in ƙera mata wanda zai kai ta Makka.

Baba ɗan mazan jiya ne. Zuriyarmu fataken goro ce, amma shi ya bar fatauci ya shiga soja, aka kwashe su zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo Salaga ya kama cinikin hatsi, ya kulle bakinsa kan abin da ya gani. Abu ɗaya tak yake faɗa in an matsa masa, wani jirgi mai inji biyu, mai ƙaton ciki, da ke jefo musu abinci a daji. "In bai zo ba, ba mu ci ba," iyakar labarin ke nan. Ni kuma Baba bai taɓa yaba aikin hannuna ba. A wurinsa ɗan da ya ƙi kasuwa ya rungumi burushi sai dai addu'a. Abin na ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Sai na ƙudura cewa zan ƙera masa jirgin nan, ya duba da idonsa ya ce, "Shi ne." Kalma biyun nan kawai nake nema a bakinsa. Kuma ba ni da lokacin ɓatawa, don yanar ido ta riga ta rufe masa na hagu, ta fara cin na dama, shi kuwa ya rantse ba mai sa masa wuƙa a ido.

Wata huɗu na yi a kan na farko. Na samu hotonsa, na auna, na sassaƙa, na goge da samfefa har yatsuna suka yi sulɓi. Na yi masa fentin ɓad-da-kama, kore da ruwan ƙasa, na zana tambarin fiffike da bakin allura. Na shimfiɗa masa auduga a kwalin sabulu, na rungume shi a ƙirji tun daga Yendi har Salaga, duk wanda ya matso kusa da ni a lori sai ya sha harara.

To, a gidanmu ba a miƙa wa babba abu a tsaye. Tun daga bakin zaure za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ajiye abin a ƙasa gabansa da hannu biyu, ka ja baya, kanka na ƙasa da nasa. Gwaggo, yayar Baba, ita ce mai gadin wannan doka, kuma muciyarta ta san bayan kowannenmu. Haka na yi. Na ajiye jirgin a bakin tabarma na ja baya. Baba ya sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Na ce, "Baba, ina ne bai yi ba?"

"Ba haka yake ba." Ya ɗauki carbinsa.

Kai! Ranar ko tuwo ban ci ba. Na ce lallai launi ne. Na koma Yendi na kankare fentin, na shafe shi da kore mai duhu bai ɗaya, na sake kawowa bayan wata biyu. Na durƙusa, na ajiye, na ja baya. Amsa ɗaya. An sayar da biri an sayi kare, tsuguno bai ƙare ba. A hanyar komawa, a tashar Bimbila, haushi ya ɗebe ni na ɗora ƙafa a kan kwalin na murƙushe shi, wata mai sayar da ruwa tana kallona kamar ta ga mahaukaci sabon kamu. Lori bai tashi ba na fara nadama, na tsugunna ina tsintar farfela a cikin ƙasa.

Shekarar nan ban san inda kaina yake ba. Aiki na hannuna, hankalina na kan jirgi. Wani direba ya ce in yi wa bayan motarsa shuɗi mai haske, na farga na shafe rabi da koren soja, muka kusa ba hamata iska. In na zauna a Yendi sai in ji ya kamata ina Salaga, in na je Salaga sai in ga ɓata lokaci nake yi tunda babu jirgi a hannuna. Na sassaƙa sabo, ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, har layukan ƙusoshin fiffike na ɗiga masa ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon sai da Baba ya sunkuya hancinsa ya kusa taɓa itacen kafin ya gan shi. Ya girgiza kai kawai. Gwaggo ta biyo ni zaure ta ce, "Kai dai ka bar tsohon nan ya huta. Idon nasa saura ƙiris, kai kuma kana ta ɗora masa wahala." Na ce to, amma a raina na san ba bari zan yi ba.

Na tafi Bawku neman wani koren dabam, don har lokacin a kan launi nake zargi. Ina zaune a bakin shagon mai fenti ina jiran ya dawo daga masallaci, sai wani tsoho Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, mai sayar da albasa a gefe ya tambaye ni abin da ke cikin kwali. Tsohuwar kwat ta kaki ce a jikinsa, duk zafin nan. Ashe shi ma ɗan mazan jiya ne, Bama ya je. Hausarsa irin ta bariki ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Na buɗe kwalin ba da son raina ba. Bai jira na ajiye masa ba, ya sa hannu ya ɗauke jirgin, ya ɗaga shi sama da kansa, ya kanne ido ɗaya yana kallonsa ta ƙasa.

"Kai ɗan Salaga," ya ce, "kai ya yi aiki duka a baya, ciki kai ya bar shi tsirara?"

Gaskiyarsa. Cikin jirgin farin itace ne, har da layin fensirin da na auna da shi. Me zai sa in ɓata fenti a wurin da kullum yake kallon tabarma?

"Mu soja na ƙasa ne," ya ce. "Mu bai hau shi ba, mu bai ga bayansa ba. Ciki mu sani. Ciki toka-toka, mai ya yi masa baƙin layi, ƙofa a gefe buɗe, mutum yana tura buhu da ƙafa." Ya zagaya da shi a sama yana gurnani da maƙogwaro, wani irin ƙugi mai hawa da sauka, ya ce haka kukansa yake in ya sauko ƙasa-ƙasa.

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kusan shekara biyu ina nuna wa Baba gefen da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, saboda ladabi. Shi kuma ba zai ɗauki abin da aka ajiye masa ya jujjuya ba, ba girmansa ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Na saye albasar da ban da abin yi da ita, na karɓi ƙaramin gwangwanin ruwan toka, na zauna a inuwar tasha na fente cikin nan take. Na yanka ƙofa a gefe da reza, na ja baƙaƙen layukan mai a bayan injuna. Fentin bai gama bushewa ba na hau lori.

Lorin ya mutu a hawan dutsen Nakpanduri, muka yini biyu a gefen hanya ana jiran ƙarfe daga Tamale. Na yi ta safa da marwa tsakanin bakaniken da kwalina har ya ce in ban matsa ba zai kwaɗa mini sifana. Na sauka Yendi ban ko zauna ba, matata ta miƙo mini ruwa a tsaye na sha na wuce.

Da hantsi ya dubi ludayi na isa Salaga. Gwaggo ta tare ni a zaure, ta kalli kwalin ta kalle ni. "Ka makara," ta ce. "Tun kafin azumi idon ya rufe. Haske da duhu kawai yake bambancewa."

Na tsaya a wurin cak. Amma na yi nisa, ba na jin kira. Na shiga na gaida Baba yadda aka saba, sannan na roƙe shi ya bari in ja tabarmarsa tsakar gida ya kishingiɗa a rana. Ya ce me kuma na zo da shi. Na ce minti ɗaya kawai. Ya kwanta rigingine yana mita, fuskarsa na kallon sama. Na mirgino turmi na kife shi daidai kansa, na ɗauki jirgin na haye.

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta ƙwala. "Ɗan nan ka haukace? A kan ubanka za ka tsaya? Sauko, don ubanka, sauko!"

Ban sauko ba. Na ɗaga jirgin tsakanin rana da fuskar Baba, na ja shi a hankali daga ƙafafunsa zuwa kansa, ina yin gurnanin da tsohon Bawku ya koya mini. Ni da gemuna, a kan turmi, ina kukan inji. Inuwar fiffiken ta ratsa idanunsa ta wuce. Bai motsa ba. Na juyo na sake kawowa, na ƙara saukowa ƙasa.

Sai Baba ya zabura ya dogara da gwiwar hannu, ya miƙa ɗayan hannun kamar zai fizgo wani, ya yi ihu da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba. "Kauce! Kauce daga fili, na ce!"

Ya daɗe a haka, hannunsa a miƙe, sannan ya koma ya kwanta yana haki.

"Shi ne," ya ce.

Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni. Ba da ni yake ba ma, da Gwaggo yake. Suna da ƙane da ya bi Baba soja bai dawo ba, mu dai mun taso ana ce mana zazzaɓin daji ne ya kashe shi.

"Yaya, ba zazzaɓi ba ne," in ji Baba. "Shinkafa ba a ɗaura mata laima, haka ake turo buhun daga sama. Kwana uku ba mu ci ba. Da ya ji jirgi sai ya ruga fili yana murna, ina kiransa bai ji ba. A wuya ya same shi. Buhun ya fashe. Mun tsince ta mun dafa. Ni ma na ci."

Gwaggo ta sulale ta zauna a ƙasa, ba tabarma ba komai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ina nan bisa turmi, hannuna a sama, na rasa yadda ake saukowa. Na samu abin da na yi shekara biyu ina bi, kuma da ana mayar da magana ciki da na mayar masa da ita.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Ka iya aiki," ya ce. "Fitar mini da shi daga gidan nan."