Mai Rakiyar Farfesa

Yi-haƙuri muke ce mata, don ko ƙofa ta buge da kafaɗa sai ta juyo ta ba ta haƙuri. Ofis ɗaya aka haɗa mu tun ranar da jami'a ta ɗauke mu ƙananan malamai, teburinta yana kallon nawa, wata fanka mai kuka tana juyi a kanmu. Ni bakina ba ya hutawa. Ita kuwa sai ta wuni ba ta ce uffan ba, tana leƙen kwalabenta. Wake ne a cikin kwalaben, cikin waken kuma ƙwari, kuma a kan waɗannan ƙwarin take digirinta na uku: yadda za a hana su cinye abin da manomi ya adana. Nakan ce mata, "Ke kam ko mijinki ba ki kallo haka." Sai ta yi murmushi ta ce, "Yi haƙuri."

Mahaifinta mai gyaran kekuna ne, ita ce babba a gidansu, kuma tun tana ƙarama da tsoro aka san ta. Tsoron kare, tsoron tsawa, tsoron malami ya kira sunanta a aji. Farfesa, wani dattijon malami a sashenmu, shi ne ya tsinto ta tun tana ɗaliba. Ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya tarar kowa ya gudu cin abinci, ita kaɗai ta rage tana ware ƙwari da tsinke, sai ya ce wannan tasa ce. Tun daga nan Baba take ce masa. Shi ya duba mata aikin digiri na biyu, shi ya tsaya aka ɗauke ta aiki, shi ke duba mata na ukun, kuma a duk sashenmu shi kaɗai ya san harkar ƙwari.

To, ga inda matsalar take. Dokar jami'armu ita ce ƙaramin malami ya gama digiri na uku cikin wa'adin da aka ba shi, in ba haka ba a sallame shi. Nata wa'adin a wannan shekarar zai cika. In Farfesa ya kauce, mutum ɗaya za a miƙa wa ita, wani masanin ƙasar noma da muke kira Sake-lale, don duk ɗalibin da ya gada sai ya sa shi ya faro daga tushe. 'Ya'yanta biyu, mijinta aiki ya kai shi nesa, ƙannenta kuma ita suke kallo.

Da babi na uku na aikinta abin ya fara. Ta dawo daga ofishin Farfesa riƙe da takardun, fuskarta ta yi fari fat. Ya bi shafi guda da jan biro ya soke, ya rubuta a gefe cewa wane ne ya koya mata wannan shirmen. Shi ne fa ya zaunar da ita a watan da ya wuce ya faɗa mata shi kalma bayan kalma! Na yi dariya na ce, "Haka manya suke, yau fari gobe baƙi. Ki gyara kawai." Ta gyara ta mayar, ya soke gyaran ya maido da na farko. Ban sake dariya ba.

Wata rana da tsakar rana ta leƙa taga, sai na ga ta zabura ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba. Na leƙa ni ma. Farfesa ne tsaye a wurin ajiye motoci, makulli a hannu, yana waige-waige kamar baƙon da aka sauke a tashar da ba tasa ba. Mutumin da da hannunsa ya shuka bishiyoyin wurin. Ta je ta karɓi jakarsa tana hira da shi, ta kawo shi har kujerarsa. Da ta dawo ta rufe ƙofa.

"Yaya, bai san hanyar ofishinsa ba."

"Sai a gaya wa shugaban sashe," na ce. "Yau ɗin nan."

"Don Allah ki rufa mini asiri. In suka sani za su cire shi. In suka cire shi na shiga uku."

Na yi faɗa, wallahi na yi. Na ce ita ba likita ba ce, na ce ɗalibai fa, na ce in ya ɓata a hanya wa za a tambaya. Tana kuka tana ba ni haƙuri. Washegari matar Farfesa ta zo da kanta ta zauna a kujerar ɗalibai, tsohuwa mai kunya, tana murza bakin mayafinta. Ta ce sun je asibiti, sun san ciwon mantuwa ne. Ta ce saura 'yan watanni ya yi ritaya, a bar shi ya fita da mutuncinsa, kada a ce an kore shi don ya ruɗe. Me zan ce wa wannan baiwar Allah? Na ja bakina na tsuke.

Daga nan Yi-haƙuri ta zama 'yar rakiya. Ɗansa ne ke kawo shi da safe, ita ke tarbarsa a bakin mota. Tana tafe gefensa tana raɗa masa, "Baba, wancan mai zuwa shugaban sashe ne. Waccan sakatariya ce, ta haihu kwanan nan, ka yi mata barka." Ajinsa ta karɓe da sunan koyon aiki. In an kira taron malamai sai ta sami dalilin kai masa ruwa. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu sai ta dafe ƙirji. Wayarta ta yi ƙara, sai ta kalle ni kafin ta ɗauka. Ta rame, wuyanta ya fito, ta daina cin abincin da take zuwa da shi, ni ke cinyewa ina yi mata masifa. Ni ma fa tsoron ya kama ni. Ran nan shugaban sashe ya tsayar da ni a matakala ya ce, "Farfesa lafiya kuwa? Sau biyu ke nan yana gaishe ni yau." Na ce ai ladabi ne ya yi masa yawa. Ya yi dariya ya wuce.

Abin mamaki, ƙwarin bai manta da su ba. Ka ɗora masa ɗaya a tafin hannu, zai gaya maka mace ce ko namiji, da abin da ta ci. A irin waɗannan ranaku masu kyau ta lallaɓa ya karanta aikin har ƙarshe, ya amince a tura shi ga masu jarrabawa. Sauran gyaran ita ta yi wa kanta, tana rubutu tana tsoron inuwarta. Shi ya sa duk sabon ɗalibin da ya zo neman shawarata nake ce masa ya nemi mai duba aiki na biyu tun yana ganin na farkon garau, kuma ya riƙa nuna aikinsa ga mutane, kada ya rataye rayuwarsa a wuyan mutum ɗaya.

Ranar da za ta kare aikin a gaban masu jarrabawa ta zo. Ƙaramin ɗakin taro ne mai dogon tebur, an kawo wani baƙon farfesa daga wata jami'a shi ne babban mai jarrabawa. Mu malamai muna baya. Dokar wurin ita ce mai duba aiki ya zauna ya yi shiru, ba ya tambaya ba ya amsawa, kuma a kan wannan shirun muka dogara. Sai dai Yi-haƙuri ba ta gefensa yau. Tana can gaban allo ita kaɗai.

Ta fara, muryarta kamar ta sauro. Baƙon ya yi tambaya, ta amsa. Ya sake, ta amsa. Na fara sakin numfashi ke nan, sai na ga Farfesa ya ɗaga hannu. Innalillahi! Shugaban sashe ya buɗe baki zai hana shi, baƙon ya ce a bar shi, ai babba ne.

Farfesa ya gyara tabarau ya dube ta, irin duban da yake wa ɗaliban da bai sani ba. "Malama, waken nan naki, kin auna danshinsa kafin ki zuba ƙwarin, ko zato kika yi?"

Ta ce, "Na auna, ranka ya daɗe."

"Da me?"

Ta faɗa. Ya sake jefo wata, wadda ta fi ta baƙon zafi, ya ƙara wata. Mutane suka fara murmushi, wani kusa da ni ya ce kai, tsohon nan ko ɗalibarsa ba ya ragawa. Ni da ita kaɗai muka san abin da ke faruwa. Ina kallon hawaye ya taru a idonta, amma muryarta ta daina rawa. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, tana kallonsa, kuma ko sau ɗaya ba ta ba kowa haƙuri ba.

Aka fitar da mu, aka dawo da mu, aka ce ta ci, da 'yan gyare-gyare kaɗan. Na rungume ta a baranda ina ihu, ita kuwa idonta yana kan ƙofa. Farfesa ya fito a hankali, ɗansa yana jiransa a ƙarshen barandar. Ta saki hannuna ta je ta durƙusa a gabansa. Ya tsaya, fuskarsa cike da fara'a.

"Tashi, tashi, malama. Kai, na daɗe ban ji aiki mai tsabta irin wannan ba. Wa ya duba miki shi?"

Ta ce, "Wani babana ne, ranka ya daɗe."

"To, in kin koma ki gaishe shi," in ji Farfesa. "Ki ce masa ya yi sa'ar ɗaliba."