Ƙyallen Inna mai nono

Ina tsaye gaban madubi ina zazzaga wa hammatata turare, jikina ko bushewa bai yi ba, sai Inna kakata ta ɗaga labule. Ni mai jiki ce, kuma tun da zafi ya shigo, abokiyar aikina a Boɗinga takan buɗe taga da zarar na zauna.

Na ce, "Inna, wanka biyu nake yi, amma a banza."

Ta ce, "Wanka kin iya, ƙawata, bushewa ce ba ki iya ba. Zamanin Turawa na hi ki ƙiba, kuma a ƙasa nike kai nono garin Shagari daga Horo Birni. Mai nono in ta yi wari, ba a cewa ita ta, sai a ce nononta ya lalace, a wuce."

Ta ce bayan wanka da sabulun salo takan ɗaga duk inda fata ta ninku ta goge, ta sha iska, ta shafa ruwan alimun. Sannan ta sa ƙyallen auduga a ƙasan mama da ƙasan tumbi. In ta kusa shiga gari sai ta raɓa bayan itace ta sake busasshe.

Na yayyanka tsohon zane na gwada. Jiya har muka tashi aiki taga a rufe take.

Masu jiki 'yan uwana, ku wace dabara aka koya muku a gida?