Cinyar Ragon Baffa

A cikin 'yan ɗakinsu, Baba kaɗai ya zama Kirista, tun yana saurayi. Ya zauna Tsibiri yana noman gero har ya tsufa yana dattijon majami'a. Ƙanensa, Baffanmu, Musulmi ne mai garka, wato lambu, a Jiratawa, kuma duk surutun da dangi suka yi bai yanke Baba ba. Kowace Babbar Sallah, washegarin layya, bayan an sauke raguna daga jikin wuta, zai naɗe cinya guda a takardar siminti, ya ɗauro a bayan moto, babur ɗinsa, ya kawo wa yayansa. Ran Nowel, wato Kirsimeti, mu ma mu kai musu shinkafa da zabi. Ni da na tashi na tarar da abin haka, ban taɓa zaton zai iya tsayawa ba.

Sai babban wanmu ya koma Maradi ɗinki, ya shiga wata sabuwar majami'a a Sabon Gari, ta samari, mai lasifika da azumi da addu'a da ƙarfi. Ba zan yi masa ƙarya ba, Yaya gaskiya yake nema da zuciya ɗaya. Sai dai irin mutanen nan ne da in suka tsinci abu, sai kowa ya ajiye nasa ya karɓi nasu. Duk Lahadin da ya zo gida, tuwo sai ya huce saboda gardama. Ya ce tsofaffi sun yi sanyi, sun gauraya da duniya, in ba a ware ba nan gaba ba za a gane Kirista a ƙasar nan ba. Baba ya ce in aka ware daga dangi, wa za a nuna wa ƙaunar da ake wa'azi? Kowa ya buɗe littafinsa, wannan ya ja aya, wancan ya ja aya. Ni kuwa in kwashe kwanoni ina tsaki.

Shekarar da abin ya faru, Baba ya tafi duba mara lafiya, Yaya ne a ƙofar gida lokacin da Baffa ya iso. Ina tsakar gida, ina jin su.

"Baffa, ku yi haƙuri. Naman ga na yankan addini ne, mu ba mu ci nai."

"Mi kac ce, ɗana?"

"Na ce ku koma da shi. Gaskiya ce ba ta bari mu amsa."

Baffa ya juya. Kafin in jawo zane in fito, ya tada moto. Bayansa kawai na hango, takardar na nan ɗaure, maiƙo ya huda ta. Ranar na gaya wa Yaya maganganun da ba a gaya wa na gaba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Da Baba ya dawo ya ji, sai ya zauna bakin rumbu. Na ce ya tashi mu je Jiratawa yanzu. Ya ce, "Da wane ido zan dube shi? Ɗan cikina yak kore shi. Bari zuciya tai ta huce, baɗi za ya zo."

Baɗi ta yi. Washegarin layya Baba ya shimfiɗa tabarma ƙofar gida tun da hantsi, ya sa rigarsa ta majami'a. Duk moton da ya ɓullo ta hanyar Maradi sai ya ɗaga kai. Da rana ta faɗi ya naɗe tabarmar da kansa. Raina ya ɓaci da su duka uku. Da damina ta kankama ciwo ya kwantar da shi, bai ga kaka ba.

Baffa ya zo jana'iza. Bai shiga majami'a ba, amma shi ya karɓi magirbi ya fara haƙa kabarin, da tsufansa, har aka ƙwace. Yaya yana gefe yana kuka kamar yaro. Yanzu ya sassauta, har yana cewa ayar da ya riƙe kan naman yanka bai karanta ta zuwa ƙarshe ba. Ba na amsa masa.

Bayan an watse na raka Baffa wurin motonsa. Na ce, "Baffa, Sallar da ta wuce Baba wuni ya yi ƙofar gida yana jiran ku."

Ya daɗe yana kallona, hannunsa a kan sirdi.

"Ɗiyata, na cire mishi cinya tai. Na naɗe, har na ɗaure ga moto, ƙafata ce taƙ ƙi. Na ce in yana so za ya aiko ki. Ni ma ƙofar gida niw wuni."