Sunan Baffa a Takardar Baba

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sahabi, wanda 'yan kasuwar albasa ta Aliero suka fi sani da Na-Karaye. Na so a ce wannan rubutu addu'a ne da yabo zalla, kamar yadda aka saba. Amma duk lokacin da na zauna zan rubuta, sai takarda guda ta tare mini gaba, wato shaidar rajistar sunan kasuwancinsa, wadda ya sa a gilashi ya rataye a bangon rumfarmu. Sunan da aka yi wa rajista shi ne Na-Karaye Mai Albasa. A gurbin mai kasuwancin kuwa babu sunan Baba. Sunan yayansa ne, Baffa Attahiru.

Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma ba kuskuren wani ma'aikaci ba ne. Ina makarantar firamare lokacin da wani babban mai saye daga Kudu ya ce ba zai ci gaba da hulɗa ba sai da takarda da asusun banki na kasuwanci. Baba ya tafi Birnin Kebbi. Da aka tambaye shi sunan mai abu, sai ya ba da sunan yayansa, ya koma ƙauyensu, Karaye, da takardun, Baffa ya dangwala yatsa. Baffa manomin gero da dawa ne a ƙasar Maiyama, bai taɓa sayen buhun albasa don ya sayar ba. Amma shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu, shi ya yi masa aure. Idan abokan kasuwa suka yi wa Baba tsiya a kan takardar, amsarsa ɗaya ce: "Yaya shina da rai in aza sunana bisa nashi? Ku dai ba ku da kunya."

Haka Baba yake. Ban taɓa jin ya kama sunan Baffa ba. Ko bayan da ya mallaki motar ɗaukar kaya, idan ya isa Karaye a bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Kowace shekara buhun farko na sabuwar albasa Karaye yake tafiya, kafin a zuba ko ƙwaya ɗaya a rudu, rumbun karan da muke adana albasa a ciki har ta yi daraja. Mun taso muna ganin wannan a matsayin ado ga gidanmu. Babu wanda ya taɓa tunanin cewa ado yana iya zama igiya.

Bayan sadakar arba'in na tafi banki a Jega da takardar shaidar rasuwa, ina sabon kammala jami'a, na jera komai a fayil. Jami'ar da ta saurare ni, Madam Rifkatu, mutuniyar Zuru ce. Ta duba, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Ɗana, a wurinmu mai kasuwancin bai mutu ba. Wanda ya rasu wakili ne da aka ba izinin sa hannu, izinin kuma ya tafi tare da shi."

Ni ba lauya ba ne, kuma ba na son in yaɗa abin da ban tabbatar ba. Abin da zan faɗa na ji shi daga bakin lauya, na kuma karanta da kaina. Sunan kasuwanci irin namu ba ya tsayawa da ƙafarsa kamar kamfani. A jikin mutumin da aka rubuta yake rataye. Idan ana son a sauya mai shi, sai shi wanda ke kai ya amince ya sa hannu. Idan kuwa ya rasu kafin a sauya, magadansa ne hukuma za ta saurara. Ma'ana, ranar da Baffa ya bar duniya, sunan da Baba ya ƙare rayuwarsa yana ginawa zai faɗa hannun 'ya'yan Baffa, mu kuma da Inna da ƙannena mata sai dai mu roƙa.

Na sha tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga kasuwar yau. A zamaninsa takardar nan ta bango ce kawai, ciniki kuwa da baki ake ƙulla shi da musafaha. Yanzu masu saye da yawa, musamman kamfanoni da masu fitar da kaya waje, suna duba sunanka a waya tun kafin ku gama gaisawa, su ce suna son ganin mai shi. Akwai kamfanin da ya nemi mu ƙulla yarjejeniyar shekara, ya ce mai kasuwancin ya zo da kansa. Ban iya ɗora tsoho a mota zuwa wata jiha ya tattauna abin da bai sani ba. Maƙwabcin rumfarmu ne ya samu yarjejeniyar. Ina jin da Baba yana nan cewa zai yi rabonsa ne. Ni na kasa faɗin haka, domin na san inda rabon ya bi ya wuce mu.

Na je Karaye na yi wa Baffa bayani dalla-dalla. Bai ƙi dangwala yatsa a ba ni izinin juya asusu ba. Da na zo kan batun cire sunansa a sa namu, sai ya ajiye igiyar da yake tufka.

"Nasiru, wanda ya aza sunan ga shi ka iya ɗebe shi. Ku tai ku kirawo shi."

Na ce, "Baffa, ai ba raini ba ne. Doka ce."

"Ni ban roƙe shi ba. Girmama ni ya yi. Yanzu don ƙasa ta ruhe mai ido sai in maida mai girman da ya ba ni? Ban yi."

Ba kwaɗayi ba ne, wannan na rantse a kai. Baffa bai taɓa tambayar abin da ke cikin asusun ba. A wurinsa takardar ita ce gaisuwar ƙarshe da ƙanensa ya bar masa. Na koma da liman, na koma da kawunmu, na koma ni kaɗai har masu kabu-kabun Maiyama suka daina tambayata inda za ni. Amsar ba ta sauya ba.

A nan ne masu sauƙaƙa al'amari suka fito. Wani mai shagon kwamfuta a Jega, wanda ke yi wa mutane rajista ta intanet, ya ce in kawo masa lambar katin ɗan ƙasa ta Baffa da hotonsa. Na ce sa hannun fa? Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, yatsa ai yatsa ne. Wa zai zo Karaye ya auna?" Na tattara fayil ɗina na fita. Yayana Bello, wanda ke sayar da kayan babur a Maiyama, bai taɓa sha'awar albasa ba, ya ji labari ya ce, "Kai dai da digirinka ko waƙafi tsoro yake ba ka. Abu namu, mu ɗauki abinmu, sai ka ce sata?" Na ce masa abin namu ne, amma yatsan ba namu ba ne. Kuma ban ga yadda zan wanke sunan Baba da ƙarya ba.

Daminar bara Baffa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. A makon ne wani daga cikin 'ya'yansa ya tsaya a rumfarmu, ya kalli bango ya ce, "Ashe dai tsohonmu ad da wurin ga." Da wasa ya faɗa, kowa ya yi dariya, har da ni. Amma tun daga ranar, duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga lambar Karaye, sai gabana ya faɗi, kuma ina jin kunyar dalilin faɗuwar. Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan lamari ke nan: takarda ta sa ina lissafin numfashin mutumin da ya riƙe mahaifina.

Da ya ɗan samu sauƙi na je gaishe shi, ban ɗauki fayil ba. Shi ya tayar da zancen.

"Takardar ga taku, wurin mutum guda ɗai gare ta?"

Na ce a'a, ana iya ƙara abokan tarayya ba tare da an cire kowa ba.

"To mi ya hana ka hwaɗi tun can?"

Na san da wannan hanya. Ban kawo ta ba ne domin rabin gyara ce: muddin sunansa yana kai, a idon doka yana da kaso. Na faɗa masa haka. Sai ya sa aka kira liman da 'ya'yansa, ya ce a rubuta, su shaida cewa ko albasa guda ba shi da ita a cikin wannan kasuwanci. Har na fara hamdala a zuciyata, sai ya ƙara da cewa, "Sunan Bello za a aza."

Na ce, "Baffa, ni ke kasuwa. Yaya Bello bai san albasa ba."

Ya dube ni da idon da ya fi buɗewa. "Ni na san ta?"

Da ƙyar, da sa bakin liman, ya yarda a sa mu biyu. Sai da muka cike bayanan shekara-shekara da aka daɗe ba a miƙa ba, sannan aka karɓi sauyin. Sabuwar takardar ta fito kafin a fara cirar albasar bana. Yanzu ko ta Allah ta kasance ga Baffa, sunan ba zai bar gidan Baba ba, kuma wannan shi ne abin da na yi ta zarya a kansa. Amma ba zan ce raina ya yi fari ba. Takardar tana ɗauke da sunan mutum uku, ɗaya ne kawai ke zuwa kasuwa. Inna da ƙannena mata, waɗanda shari'a ta ba su gado a ciki, babu su. Lauya ya ce maganin shi ne a mayar da shi ƙaramin kamfani a raba hannun jari bisa rabon gado. Ban san da wane baki zan kai wa Baffa wannan ba.

Ga masu karatu da ke da rumfa ko shago, roƙona ɗaya ne. Ku girmama yayyenku da durƙuso, da buhun farko, da duk abin da kuka mallaka. Amma gurbin mai abu a takarda ba wurin gaisuwa ba ne. Ku rubuta gaskiyar wanda ke da shi tun kuna da bakin yin bayani.

Na faɗi haka, kuma na yi imani da shi. Sai dai ranar da muka je wurin lauya, na tafi da niyyar sunana ya biyo na Baffa, tunda ni ke tafiyar da komai. Da sakatarensa ya tambayi yadda za a jera, sai na ji bakina ya ce Baffa, sannan Yaya Bello, sannan ni. Babu wanda ya tilasta mini. Na yi shekaru ina jin haushin abin da Baba ya yi, ashe yana zaune a ƙarƙashin harshena. Motarsa an sayar, rudun da ya kafa mun sake masa kara ba sau ɗaya ba, amma wannan bai motsa ba.

Makon jiya na ɗaura buhun farko a bayan babur na kai Karaye. Baffa ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa sunan da aka buga a jikin buhun, ya yi wa ƙanensa addu'a. Na tashi zan sa takalmi, sai ya kira ni.

"An kai ma Bello nashi?"

Ban kai ba. Na koma Aliero na ɗauko buhu na biyu.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya ba mu ikon gyara abin da ya bari ba tare da mun ɓata abin da ya koya mana ba.