Lemun Tsami da Idon Hagun Yayana

Yayana gola ne, kuma da wannan sana'ar yake ci yake sha. A shekarun da nake koyarwa a wata firamare a Badarawa, shi yake tsare wa wani babban kulob na garin Kaduna raga, ana biyansa albashi duk wata kamar ma'aikacin gwamnati. In ya wuce a titi, masu shayi har miƙewa suke yi. A gida kuwa, ido wa ka raina, mu dai mun san shi da cin tuwo malmala uku da karkatattun yatsu, don babu yatsan da ƙwallo ba ta taɓa karyawa ko gocar da shi ba.

Mutanen gari sun haƙiƙance asiri gare shi. Akwai wani shuɗin tawul da yake ratayawa a jikin raga, suka ce da laya a ɗinke a ciki. Ni nake wanke tawul ɗin nan duk Lahadi, ban taɓa samun komai a jikinsa ba sai warin zufa.

Wata safiya ya ɗauki butar shayi zai zuba a kofi, ya tsiyaye a kan tabarma. Ya gyara hannu, ya sake kuskurewa. Mutumin da yake cafke ƙwallo a sama kamar an miƙa masa! Na tsare shi da tambaya har ya gaji ya faɗa min. Wata biyu da suka wuce gwiwar wani ɗan wasa ta same shi a idon hagu, tun daga ranar dishi-dishi yake gani da shi. Bai gaya wa kowa ba, don in koci ya ji, benci zai koma, ga sabon gola an kawo yana jiran ƙofa. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a ragar nan.

Na ce ya je asibiti, ya ce bayan an gama kakar wasa. Maimakon haka sai ya ba ni aiki. Muna da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Kullum kafin in tafi makaranta in tsinko cikin kwano, ya tsaya jikin bango, in koma ta hagunsa ina jifansa. Satin farko ya sha jifa a goshi da kunne, ni kuma na fanshe duk rankwashin da ya yi min muna yara. A sati na uku na kasa samunsa. In yi wayo, in nuna sama in jefa ƙasa, sai in ji lemun ya faɗa tafinsa. Ya ce ai ya daina neman lemun, kafaɗata da ƙafata yake kallo, su suke tona min asiri. Tsoronsa ya kama ni ranar, gaskiya.

Wasan ƙarshe na kakar ya ba ni tikiti, na ja wata malama abokiyar aikina muka tafi. Ban taɓa shiga babban filin wasa ba. Daga inda muke zaune sai na ga ragar ta yi masa girma, shi kaɗai a tsaye, kowa ya juya masa baya. Muna gaba da ci ɗaya, saura ƙiris a tashi, alƙalin wasa ya ba abokan karawarmu fenariti. Duk filin ni kaɗai na san abin da ke idonsa, na riƙe hannun malamar nan ina addu'ar Allah Ya sa a buga dama.

Hagunsa aka buga, can ƙasa jikin ƙarfen raga. Kafin in ga ƙwallon, Yaya ya riga ya miƙe a iska, dogon mutum a kwance ba komai a ƙarƙashinsa, ya doke ta da yatsun nan da muke yi wa dariya. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Wani dattijo a bayanmu yana ta rantsuwa tawul ne. Ni dai kuka nake yi, tsigar jikina na tashi, don ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi abu mai kyau irin wannan ba.

Da ya dawo gida na tare shi da murna, na ce yau an rufe bakin kowa, raga tasa ce. Ya zauna a kan turmi yana kwance takalmi.

"Ƙanwata, ban gan ta ba," ya ce. "Ƙafarsa kawai na gani. Yau Allah Ya rufa asiri, amma ragar nan amanar mutum goma ce da ke gabana."

Washegari da kansa ya je wurin koci ya faɗi gaskiya, ya miƙa wa sabon golan safar hannunsa. Ya dawo da rana tsaka, babu komai a hannunsa sai tawul. Ya ba ni ya ce in wanke, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ake buɗe asibitin ido.